Ko Uhum Ban Ce Ba

Ɗana na fari da hagu yake cin tuwo. Yanzu har ya yi furfura, yana da jikokinsa, amma in aka zauna cin abinci a wurin suna ko ɗaurin aure, sai ka ga wani baƙo ya bi shi da kallon marar tarbiyya. Sai daga baya mutum yake lura da hannun daman, siriri, a rataye, tafin yana kallon baya kamar mai karɓar goro a ɓoye. Nan take sai kunya ta kama baƙon, ya shiga kame-kame. Shi kuwa dariya yake yi. Ni ce ba na dariya, domin har yau da na tsufa ban san a wuyan wa zan rataya hannun nan ba.

A Fagge aka kawo ni aure, lokacin Turawa suna nan, ba a ba mu mulkin kai ba tukuna. Maigidana a tashar jirgin ƙasa yake aiki, shi ne mai ɗora buhunan gyaɗa da fatu a kan sikeli. Gidan namu mu uku ne, ni da shi da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Tawa uwar ta rasu tun ban yi wayo ba, goggona ce ta riƙe ni. Da cikina ya tsufa, goggo ta zo duba ni, ta rufe ƙofa ta zaunar da ni.

"Ke, buɗe kunnenki da kyau," in ji ta. "'Yar gidan mutunci ba ta ihu a kan gwiwa. Kika yi raki ranar naƙuda, wallahi har jikokinki sai an goranta musu. Kuma abin da za ki haifa ɗan fari ne. Ba kya kiran sunansa, ba kya yi masa wasa a gaban mutane, ba kya nuna kin san da zamansa. Kada ki ja a ce don ba ki da uwa ne."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi shiga raina. Na ɗaure ta a bakin zane.

Da a gida zan haihu kamar kowa, a durƙushe, ga ungozomar unguwa a gefe. To amma yayar maigidana a wurin haihuwa ta rasu, a cikin gidan nan, yana tsaye a zaure yana jin salati. Abin bai taɓa barinsa ba. Wani abokin aikinsa, Kirista daga wajen Zariya, ya ba shi labarin wani ƙaramin asibitin haihuwa a Sabon Gari, na wani likita ɗan kudu, inda matarsa ta sauka lafiya har sau biyu. Shi ke nan maigida ya kafe. Inna ta yi faɗa, ta ce ita takwas ta haifa ba ta taɓa ganin ƙofar asibiti ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba zan iya sake tsayuwar zauren nan ba." Ta ƙyale shi.

Ciwon ya fara mini bayan sallar asuba. Da hantsi maigida ya samo motar wani ɗan kasuwa aka kai ni. A baranda aka tsayar da Inna, wai dokarsu ce, ba a shiga da dangi. Shi kuma aka ce ya koma aiki, haihuwar fari ba ta sauri. Aka shigar da ni wani ɗaki mai warin magani, aka ce in hau gado in kwanta rigingine. Ni dai ban taɓa jin an haihu a kwance ba, amma na hau.

Ungozomarsu 'yar kudu ce, doguwa, cikin fararen kaya, Hausarta tsinto-tsinto. A ɗakin da ke maƙwabtaka da nawa akwai mata biyu, 'yan ƙabilarsu, suna ta kurma ihu har kwanon rufi yana amsawa. Ina ji ina cewa a raina, kai, waɗannan ba su da goggo. Ungozomar ta leƙo, ta dube ni daga bakin ƙofa. Na haɗa gumi sharkaf, amma bakina a rufe gam. Ta ce, "Kai ba ciwo sosai. Sai yamma." Ba ta taɓa cikina ba, ba ta ɗaga zanena ba. Ta ja ƙofa ta tafi wajen masu ihu.

Abin da na gani tsakanin hantsin nan da azahar, Allah kaɗai ya sani. Na cusa gefen mayafina a baki na dinga taunawa har ya huje. Na ji ƙararrawar coci ta buga tsakar rana. Na ji masu ihun sun yi shiru, na ji kukan jarirai ɗaya bayan ɗaya, na ji ana dariya a tsakar gida da ƙarar kwanuka. Ba wanda ya sake leƙo ni. Sau nawa na buɗe baki zan kira, sai in tuna Inna tana nan a baranda, bango ɗaya ne tsakaninmu, za ta ji. Da abin ya kai inda ya kai, na sauko daga gadon na durƙusa a kan siminti, yadda na san ana yi.

Mai shara ce ta same ni a haka. Ita ta yi ihun da ban yi ba. Ungozomar ta shigo a guje, hannunta yana ƙanshin manja, ko wankewa ba ta tsaya yi ba. Kan yaro ya riga ya fito, kafaɗa ta maƙale. Ta nemi likita, aka ce ya fita tun safe. Su biyu suka ciccibe ni suka mayar kan gado. Ta kama kan da hannu biyu, ta dafa ƙafarta a ƙarfen gadon, ta ja, ta karkata shi gefe ta sake ja. Mutane sun sha tambayata ko na ji wani abu ya yi ƙas. Ban ji komai ba. Na dai ji ya fito, na ji ya yi kuka, na kawar da kaina gefe don kada a ce na kalle shi.

Inna ce ta gane, ranar kwana uku, tana yi masa wanka. Ta ɗaga hannun hagu ta saki, ya naɗe shi a ƙirji. Ta ɗaga na dama ta saki, ya faɗi yaraf kamar tsumma. Ta sake ɗagawa, ya sake faɗuwa. Ina zaune a bakin gado ina shan kunun kanwa, ina kallo ta wutsiyar ido. Ban ajiye ludayin ba.

Aka kira mai ɗori. Ya mammatsa ya ce shi bai ga ƙashin da ya karye ba, wannan ba aikinsa ba ne. Maigida ya mayar da yaron wurin likitan, ya ce ba komai, zai warware da kansa, a dinga murza shi. Aka yi suna, na gama wankan jego, aka yi arba'in. Yaro ya fara zama, ya fara rarrafe da hannu ɗaya yana jan ɗayan a ƙasa har bayan yatsun ya yi kanta. Hannu dai shiru.

Inna ba muguwar mace ba ce, kada a yi mini mummunar fahimta. Ita take goya shi, ita take kwana da shi bayan yaye. Kullum cewa take yi ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Amma ba ta taɓa rufe baki a nan ba, sai ta ƙara da cewa, "Da dai a ɗakina ne." Maigida kuwa ya rame, ya daina zaman hira a ƙofar gida. Ni kuma in sun fita, in na tabbata ba kowa, sai in ɗauko yaron in ɗora a cinya, in shafa man kaɗanya in yi ta murza hannun daga kafaɗa har yatsu, ina kuka ba sauti. Ko a lokacin ban kira sunansa ba. "Kai yaron nan" nake ce masa.

Maganar ƙara daga maƙwabciyarmu ta fito, wata Bayarabiya mai sayar da atamfa, Musulma, wadda ta daɗe a Fagge har ta fi ni iya zagi da Hausa. Ta ce wa maigida a Ikko akwai likitocin da suke gyara irin wannan hannun, amma sai yaro yana ƙarami, in ya girma jijiyar ta bushe shi ke nan. Tafiyar da zaman can da aikin ba na mai sikeli ba ne. Ta ce, "Waɗanda suka ɓata su za su biya. Ku kai su ƙara, a ba ku diyya."

Inna ta tafa hannu ta ce, "La'ilaha illallahu! Ƙarar wa? Ƙarar Allah za ku kai?"

Ni ma, gaskiya, kaina ya ɗaure. Na san ana kai ƙarar ɓarawo, ana kai ƙarar wanda ya ci iyakar gona. Amma matar da ta ciro mini ɗa da rai, in ba don ita ba wataƙila da daga ni har shi an binne? In na tuna yadda ta ja ƙofa ta tafi cin abincinta, sai in ji zuciyata tana tafasa. In na tuna yadda take addu'a da yarensu tana jan yaron, sai in rasa abin da nake ji. Abu ɗaya na gane sarai: in aka ci shari'ar za a hau jirgi a kai shi Ikko, in ba a ci ba hannun ya tafi.

Maigida ya fara zuwa wurin alƙali. Alƙali ya ce shari'a ta san diyyar hannu, amma mutanen nan ba a ƙarƙashinsa suke ba, sai kotun Turawa. Kotun Turawa kuma ba a shigarta sai da lauya. Aka samo lauya a Sabon Gari, wani gajere mai tabarau. Ya zo har zaurenmu. Ni ina kulle, don haka a bayan ƙyaure na tsaya ina saurare. Na ji ya tambayi maigida, "Da ungozomar ta tafi ta bar ta, matarka ta kira ta?"

"Haba, mace a kan gwiwa?" in ji maigida. "Ai ta kira har ta gaji."

Bai taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa faɗa masa ba. Wace mace ce take zama da miji tana ba shi labarin naƙudarta? Na ji abin da ya faɗa da kunnena. Har na ɗan ji haushi, wai ni ce zan kira har in gaji. Amma in ɗaga murya daga bayan ƙyaure in ƙaryata mijina a gaban baƙo, a kan maganar ɗan fari? Lauya ya rubuta ya tafi.

Sai da yaron ya shekara biyu da rabi aka saka rana. Ɗagawa kuwa an yi ta ba adadi, yau majistare ya tafi hutu, gobe takarda ta ɓata. Ranar da aka kira mu, na lulluɓe da mayafi muka tafi, Inna tana goye da shi. Ban taɓa shiga ɗaki mai maza da yawa haka ba. Bature yana can sama a kan kujera, fanka tana juyawa a kansa. Ga likitan, ga ungozomar a gefe cikin kayan gida, ta rame. Ana ta Turanci, ni ban san ko zagina ake yi ko yabona ba. Sai aka ce in tashi in shiga wani akwatin katako. Tafinta ya tsaya kusa da ni, wani dattijo Bakano.

Lauyanmu ya yi tambayoyinsa na amsa. Eh, ta bar ni tun hantsi. A'a, ba ta duba ni ba. Eh, mai shara ce ta same ni. Na ga Baturen yana rubutu, na ga maigida ya ɗan miƙe zaune. Sai lauyan asibitin ya taso, yana murmushi kamar ɗan'uwa.

Tafinta ya ce, "Wai a cikin wannan lokacin, sau nawa kika kira ungozoma?"

"Ban kira ba."

"Wai kin yi kuka, ko ihu, yadda na waje zai ji?"

Na dubi Inna. Tana zaune a benci na biyu, ta zuba mini ido. A gaban uwar mijina, a gaban mazan Kano da na kudu, ana tambayata ko na yi raki. Wallahi har ga Allah na ɗauka dama ce ta zo mini. Na ɗaga kai na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Ni? Ko uhum ban ce ba."

Inna ta gyaɗa kai. Tafinta ya ɗan tsaya, ya dube ni, kamar zai ce wani abu, sannan ya juya ya fassara. Lauyanmu ya cire tabaransa ya dafe goshi. Ni kuwa ina tsaye ina jiran in ga an jinjina mini.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Baturen da kansa ya yi magana. Tafinta ya ce, "Mai shari'a yana so ki faɗi sunan yaron, kuma ki gaya masa irin wahalar da hannun yake ba shi, da yadda abin yake damunki."

Ni da nake murza hannun nan kullum. Na san ba ya iya riƙe kofi, na san yadda yake faɗuwa ta gefen dama ya fasa leɓe don ba abin tarewa, na san da haƙori yake taimaka wa hagun in zai cire riga. Duk suna nan a bakina. Amma ga Inna, ga maigida, ga muryar goggo. Na ja mayafi na rufe rabin fuska na ce, "Ni ban sani ba. Sai dai a tambayi kakarsa."

Tafinta ya yi ƙasa da murya ya ce, "'Yata, ki faɗa, nan ba gida ba ne." Na ƙi. Ya fassara. Ya ƙara da wata doguwar magana, ina jin yana yi wa Baturen bayanin al'adarmu ne, amma lauyan asibitin ya miƙe ya katse shi. Baturen ya dube ni ta saman gilashinsa. Na san kallon, irin wanda ake yi wa kazar da ta ƙi 'ya'yanta ne.

Ba a daɗe ba aka gama. Abin da lauyanmu ya gaya wa maigida a baranda shi ne, mai shari'a ya ce ya kamata ungozoma ta duba ni, amma tana da mata biyu a hannu, kuma wadda ba ta kira ba, ba ta nuna alamar komai ba, ba za a ce an yi watsi da ita ba. Kuma maganata ta saɓa da abin da aka rubuta tun farko. Babu diyya. Lauyan ya dube ni ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Kai ka kashe shari'a da bakinka." Maigida ko kallona bai yi ba. Inna kuwa ta dafa kafaɗata ta ce, "Kin fita kunya, 'yar halak. Allah ya yi miki albarka." Na tsaya tsakaninsu kamar an buga mini taɓarya a ka. Abu guda na yi, ɗaya ya ce na kashe, ɗaya ta ce na kyauta.

Muna fita ungozomar ta tare ni a bakin ƙofa. Na zaci gori za ta yi. Sai na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Don me ba ka kira ni? Ina nan kusa. Don me?" Sai bayan shekaru, ina tankaɗe, amsar ta zo mini: ke don me ba ki duba ni ba? Kuma ko da ta zo, ba ta kwantar mini da hankali ba, don tambayarta ita ma tana nan daram.

A ƙasa muka taho. Da muka iso wajen Bata, kusa da kasuwar Sabon Gari, Inna ta gaji, ta sauke yaron don ta gyara zane. Maigida yana gaba, bai waiwayo ba. Wurin cike yake da 'yan kasuwa da kekuna da masu amalanke. Wani mai lemo ya zubar da kayansa, guda ɗaya ya gangara titi, yaron ya bi shi da gudunsa na karkace, hannun yana lilo. Ga wata babbar motar gyaɗa ta taho daga wajen tasha.

Ban san lokacin da na ƙwala masa kira ba. Sunansa na yanka, gaba ɗayansa, da muryar da ban san ina da ita ba. 'Yan kasuwa suka waiwayo, maigida ya waiwayo, har direban ya ji ya taka burki. Yaron kaɗai ne bai waiwayo ba. Bai taɓa jin sunan nan daga bakina ba, bai san da shi nake ba.

Motar ta tsaya saura kaɗan. Na sure shi daga tsakiyar titi na ƙanƙame, na fashe da kuka, irin mai sautin nan, a gaban duk mutanen Bata, mayafina a ƙasa. Ina ta maimaita sunan a kunnensa. Shi kuma yana ta miƙa hagunsa wajen Inna, yana so ta karɓe shi daga hannun wannan matar mai ihu.

Inna ta tsaya tana kallonmu. Na jira faɗa. Sai ta kwance majanyin daga ƙugunta ta miƙo mini. Na goya shi da kaina, muka ratsa Fagge da rana tsaka, mata suna leƙe ta zaure.

Tun daga ranar nake kiran sunansa, safe da yamma, har aka sa mini marar kunya a unguwa, goggo ta yi wata uku ba ta taka gidana ba. Ya ɗauki kusan mako kafin ya fara amsawa. Ikko kuwa ba mu je ba. Na ci gaba da murza hannun da man kaɗanya har ya shekara bakwai, ranar da ya janye shi da hagunsa ya ce in bari haka nan, ba ya jin komai a wurin.